Yadda za ka haɗa bidiyon wasanka don neman gurbin karatu



Tun da aka koma makaranta saƙonni iri ɗaya suke ta shigo mini daga ƙasar Gumel, wato Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tambayar guda ce, kowa dai da yadda ya tsara tasa: ina buga ƙwallo, ko ina gudu, an ce akwai jami'o'in da ke ɗaukar ɗalibi su biya masa kuɗin karatu saboda wasansa, kuma an ce da bidiyo ake nema, to yaya ake haɗa bidiyon? Wasu ma har sun haɗa nasu sun turo in duba. Na kalla. Da yawansu akwai baiwa a ƙafarsu, amma bidiyon ba zai kai su ko'ina ba. An yi shi ne don abokai su yi shewa, alhali wanda ake so ya kalla baƙo ne, bai san ka ba, bai taɓa jin sunan garinku ba, kuma babu abin da zai sa ya yarda da kai sai abin da idonsa ya gani.

Da farko dai, maganar gaskiya ce, ba labarin majalisa ba ne. A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa masu gasa da juna, kuma suna ba 'yan wasa tallafin karatu, wani a ɗauke masa komai, wani a ɗauke masa wani kaso. Babbar hukumar da ke kula da wannan harka ita ce NCAA, tana da rukuni 3. Rukuni na 1 da na 2 suna ba da tallafi saboda wasa, rukuni na 3 ba ya bayarwa. Akwai kuma NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta kwalejojin shekara 2. 'Yan Najeriya sun daɗe suna bin wannan hanya. Hakeem Olajuwon ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, daga baya ya koma ƙwallon kwando, ya tafi Jami'ar Houston a 1980, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA. Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso a 2016, a 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12. A ƙwallon ƙafa ga Abu Danladi ɗan Gana, wanda ya fito daga makarantar horar da yara ta Right to Dream, ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, aka fara ɗaukarsa a zaɓen 'yan wasan gasar MLS na 2017.

Amma ƙofar ƙarama ce. NCAA da kanta ta ce a cikin ɗaliban sakandaren Amurka masu wasa, kusan 2 cikin 100 ne kawai ke samun irin wannan tallafi. Su ke nan da suke da filin ciyawa da takalma da likita. Ban faɗa don in karya muku gwiwa ba, sai don ku san cewa wanda ya yi aikin ganin dama ya kori kansa tun kafin a duba shi.

A zamanin Olajuwon ba bidiyo aka tura ba, wani da ya ga wasansa ne ya yi masa shaida a wurin kocin Houston. Yau aikin wannan mai shaida ne bidiyo yake yi. Ku da kuke kusa da Maigatari kun san yadda ciniki yake ranar Alhamis a kara. Dillali zai yi ta zuba yabo, mai saye kuwa ba ya ko kallonsa. Zai taɓa ragon, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa. Ba ina kwatanta ku da raguna ba ne, kada wani ya kai ƙarata wurin firinsifal. Halin mai sayen nake so ku riƙe, domin haka koci yake. Saƙonni sun yi masa yawa, lokacinsa kaɗan ne, kuma an sha yi masa ƙarya. Duk abin da ka saka a bidiyo, tambayi kanka: wannan shaida ce da zai iya tantancewa, ko kuwa yabon dillali ne?

Ranar ɗauka

Yawancin bidiyon da ke lalacewa a fili suke lalacewa, ba wurin haɗawa ba. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Wasa na gaske za a ɗauka, mai alƙali, mai raga biyu, da sa'anninka ko waɗanda suka girme ka. Gasar makarantu, gasar gidaje ta makarantarku, gasar unguwanni lokacin hutu, duk sun yi. Abin da bai yi ba shi ne kai kaɗai a bayan aji kana ɗaga ƙwallo sau ɗari ba ta faɗi ba, ko kana yanka 'yan aji ɗaya da ba su kai kafaɗarka ba. Koci yana kallon wanda ka yanka kamar yadda yake kallonka. In ya ga yara ne, ya rufe.

Mai ɗauka ya riƙe wayar a kwance. Na san hannunku ya saba da riƙon tsaye saboda TikTok, amma riƙon tsaye yana yanke filin, a ga ƙafarka da ƙwallo, ba a ga wanda ka ba fasin ba, ba a ga gurbin da ka hango ba. Ƙwallo kuwa rabinta a ido take. Ya tsaya daidai tsakiyar fili ta gefe, kuma ya hau wani abu: teburin aji mai ƙwari, ko baranda, ko amalanke in akwai a kusa. Ko hawan mita ɗaya ya isa ya raba 'yan wasa da juna a hoto, maimakon a ga sun cakuɗe wuri guda. Ban ce a hau tankin ruwa ko katanga ba.

Sai rana. Wasanninmu bayan La'asar ake yi, lokacin rana ta karkata yamma. In mai ɗauka ya fuskance ta, duk za ku fito baƙi ƙirin kamar inuwa, ba fuska ba lamba. Ya ba ta baya, ya fuskanci gabas kamar mai sallah. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙura sukan rufe sararin ƙasar nan, don haka a riƙa goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci, kuma ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ɗaya ragar da kyau, a haƙura da ɗauka. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ne abokin gaba. Waya tana yin zafi ta tsayar da ɗauka da kanta, sau da yawa daidai lokacin da za ka ci ƙwallon da ka fi so. A cire mata riga, wani ya riƙe lema a kanta.

Kada a jawo hoto kusa. Jawowar waya tana ɓata hoto, kuma tana sa girgizar hannu ta ninka. A bar shi a faɗi yadda za a ga aƙalla kashi ɗaya cikin uku na fili, a bi ƙwallo a hankali. In babu ƙarfen ɗora waya mai ƙafa uku, a samo sanda miƙaƙƙiya a ɗaure wayar a kanta da robar ɗaurin kaya, a kafa gindinta a ƙasa, mai ɗauka ya riƙa juya ta. Tana aiki. Babban sharaɗi shi ne mai ɗaukar ya zama mutum mai sanyin jini. Abokinka na ƙut da ƙut, wanda in ka ci ƙwallo zai yi tsalle ya ruga fili, shi ne mafi munin mai ɗauka, domin abin da za ka samu hoton sama ne da yashi da ihu. Kuma a gaya masa ya yi shiru, waya tana ɗaukar duk abin da ya faɗa, har da ashar ɗin da ya yi wa alƙali.

A saita kyamara a kan 1080. Minti ɗaya yana cin tsakanin megabait 60 zuwa 130, gwargwadon waya, ka ga wasan minti 90 zai iya cinye gigabait 10. A share tarkace tun da dare, ko a sa memori. A kai waya wurin masu caji tun da safe ta cika, a zo da batirin ko-ta-kwana in akwai, a kuma sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗauka.

Ka sa riga mai lamba a baya, kuma launin rigunanku ya bambanta da na abokan karawa. Wasan da ɓangare ɗaya suka tuɓe riga, ko kowa ya sa jesin kulob ɗin da yake goya wa baya, ba zai yi ba. Ku 'yan makarantun kwana da aka hana riƙe waya, kada wannan shafi ya zama hujjar shigo da ita a ɓoye. Ku je wurin malamin wasanni, ku faɗa masa manufarku, shi ya ɗauka ko ya ba da izini. Wannan ma riba biyu ce, domin shi ne mutumin da za ka sa sunansa a matsayin mai yi maka shaida.

Wasa ɗaya ba ya isa. Ka tara 5 ko 6 a cikin zango ɗaya ko biyu, ka rubuta ranar kowane wasa da sunan waɗanda kuka kara da su da yadda aka tashi. Shi ya sa ɗan aji 4 ko aji 5 ya fi ɗan aji 6 dama, shi ɗan aji 6 jarrabawa ta riga ta sha masa kai.

Yankawa da haɗawa

CapCut ko InShot ko KineMaster, kowace ka iya ta wadatar. Tsawon bidiyo ya tsaya tsakanin minti 3 zuwa 5, wato gutsure 15 zuwa 25. Mafi kyawunsu su zo farko. Kada ka ɓoye ƙwallon da ta fi kyau a ƙarshe kamar fim ɗin Indiya, mai yiwuwa kocin ba zai kai can ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, Larabarka kuwa ita ce daƙiƙa 30 na farko.

Kafin gutsuren farko a sa allo guda na daƙiƙa 5 ko 6, da Turanci: cikakken suna, ranar haihuwa, gurbin da kake bugawa, ƙafar da ka fi amfani da ita, tsawo da nauyi, makaranta, shekarar da za ka gama, da sunan malamin wasanni ko kocinka da hanyar samunsa, bayan ka nemi izininsa. Tsawo a auna shi da tef, ba takalmi, ka jingina da bango. Laƙabin da ake kiranka da shi a fili, ko Messi ne ko Kante, ka bar shi a fili.

A farkon kowane gutsure a tsayar da hoto na daƙiƙa ɗaya, a sa kibiya ko da'ira a kanka, sannan a sake shi. In ba haka ba kocin zai ɓata lokaci yana neman wane ne kai a cikin mutum 22. Gutsuren ya fara daƙiƙa 3 zuwa 5 kafin ƙwallo ta zo maka, domin yana so ya ga inda ka tsaya, ko ka waiga kafin ka karɓa, da yadda ka tare ta a taɓawar farko. Ya kuma ɗan wuce bayan ta bar ƙafarka, a ga ko ka ci gaba da gudu ko ka tsaya riƙe da ƙugu.

Kiɗa, a cire. Jan hoto a hankali, da walƙiya, da rubutu mai tsalle, da hotonka na Sallah, duk a cire. Mafi muni shi ne ƙara wa hoto sauri don a ga kana da gudu. Mai ido yana ganewa nan take, domin alƙali da 'yan kallo da akuyar da ke wucewa a bayan raga duk sai su koma 'yan tsere. Wanda aka kama da wannan, sauran bidiyon nasa ma ba za a yarda da shi ba.

Ba cin ƙwallo kaɗai ake nema ba, kuma wannan albishir ne ga waɗanda ba 'yan gaba ba. Ɗan baya ya nuna yadda yake ƙwace ƙwallo ba tare da ƙeta ba, da sa kai, da yadda yake fito da ita daga gida da fasin mai ma'ana maimakon dukan kawar da bala'i. Ɗan tsakiya ya nuna juyawa a cikin matsi da dogon fasin da ke sauya ɓangare. Ɗan gaba ya haɗa da gudun da yake yi ba tare da ƙwallo ba, da matsa wa 'yan baya in an ƙwace. Gola ya nuna kamun ƙwallon sama a bugun kwana, da fita gaba-da-gaba, da rabon ƙwallo da hannu da ƙafa. In ƙafarka ta biyu tana aiki, ka tabbata an gan ta. Ni a ganina gutsure ɗaya da aka ƙwace maka ƙwallo ka bi ta da gudu ka ƙwato ya fi yanka uku daraja, domin shi yake nuna hali, kuma hali ne koci ba ya iya koyarwa cikin wata ɗaya.

Cikakken wasa guda ko biyu, wanda ba a yanke komai ba, a ajiye shi. Kocin da gajeren bidiyo ya burge, abin da zai nema ke nan, don ya ga me kake yi a sauran mintunan da ba ka nuna ba.

Masu gudu, lissafinku daban ne. Ku lokaci ne shaidarku, bidiyo mai rakiya ne kawai. A ɗauki tsere daga tashi zuwa isa ba yankewa, a ga layin farawa da na ƙarewa. Mita 100 da aka auna da taku ba mita 100 ba ce, a nemo tef. Ka kuma rubuta cewa da agogon hannu aka ɗauki lokacin, domin masana sukan ƙara kusan daƙiƙa 0.24 a kan lokacin hannu na gajeren tsere kafin su kwatanta shi da na na'ura. Lokacin da aka samu a gasar hukuma, da takardar sakamako, shi ne mai nauyi, don haka ku nemi shiga gasar jiha. 'Yan ƙasa da shekara 15 kuma akwai Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda aka daɗe ana yi a Ilori kafin ta koma Asaba a 2023, kuma ta hannun jiha ake zuwa.

Ƙannena mata, da ku ma nake. Tun 1972 akwai dokar da ta wajabta wa makarantun Amurka masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama a wasanni kamar yadda suke ba maza, shi ya sa tallafin mata yake da yawa a can. Dokar ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando tun 2017, saboda haka ba sai kin sauya shigarki ba. Amma kada a ɗauke ki sai da sanin iyayenki da malamarki, kuma bidiyonki ba na yawo a guruf-guruf ba ne. A tura shi ga wanda aka nufa kawai.

Takardu, da maganar shekaru

Bidiyo yana sa koci ya waiwayo ka, amma ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke buɗe ƙofa, su kuwa ba su kallon ƙwallo. Sakamakon WAEC ko NECO suke dubawa, da rahoton jarrabawarka na shekarun sakandare. Mai son rukuni na 1 ko na 2 sai ya yi rajista a cibiyar tantance cancanta ta NCAA, inda ake auna darussa irin su Turanci da Lissafi da Kimiyya. Za su kuma tambayi duk ƙungiyar da ka taɓa buga wa da duk kuɗin da ka karɓa, don haka kada ka sa hannu a kwantiragin kowa ba tare da babba mai ilimi ya karanta ba. A yawancin wasanni, in ka wuce shekara ɗaya da gama sakandare kana ci gaba da buga gasa ba ka shiga jami'a ba, za a fara zaftare maka shekarun da za ka yi musu wasa. Wanda ke gudun ajin Lissafi don ya je atisaye, da hannunsa yake rufe ƙofar da yake ƙwanƙwasawa.

Sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina. Mu nan mutum ɗaya zai zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, Muhd a katin NIN, a wani wuri ya ƙare da sunan mahaifi, a wani ya ƙare da Gumel ko Maigatari. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin kwamfutar ofishin jakadanci mutum uku ne. Ka ɗauko takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka jera ta da sauran, in akwai saɓani a gyara tun yanzu, kafin rajistar jarrabawar fita.

Shekaru kuwa, za a samu wanda zai ba ka shawarar ka rage biyu ko uku, ya ce kowa haka yake yi. Ga abin da hakan ya jawo. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranar haihuwar wasu 'yan wasa, har ƙasar ta rasa karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Tun 2009 ake sa wuyan hannun 'yan ƙasa da 17 a na'urar MRI don a ga ko ƙashi ya gama haɗewa. A 2016 yara 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da maƙwabtanmu Nijar, kuma Nijar ɗin ta fitar da Najeriya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ballantana yanzu da lambar NIN take liƙe da JAMB da fasfo da layin waya.

Turawa

In ka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi har lambar riga ta daina karantuwa. Tura shi a matsayin fayil, ko mafi kyau ka ɗora a YouTube a tsarin da sai mai adireshin ne zai gani, ka aika adireshin. A ɗora da dare, a inda sabis ke da ƙarfi. Ka buɗe imel da sunanka na gaskiya. Shafin wasanni na kowace jami'a yana ɗauke da sunayen kociyoyi da adireshinsu, kuma adireshin jami'o'in Amurka da .edu yake ƙarewa. Wasiƙar ta zama gajeriya: wane ne kai, daga ina, gurbinka, sakamakonka, adireshin bidiyo, da dalilin da ya sa ka zaɓi wannan makaranta. Ka ambaci sunan kocin, kada ka tura wa mutum 50 wasiƙa ɗaya a jere suna ganin sunayen juna. Malamin Turanci ya duba maka kafin ta tafi. Yawancinsu ba za su amsa ba, haka abin yake ga kowa. Bayan mako 3 ka sake tuntuɓa sau ɗaya, in ka samu sabon gutsure ka haɗa.

Da zarar bidiyonka ya fara yawo, wasu za su neme ka, kuma ba duka ne kociyoyi ba. Wani zai zo ta Facebook da hoton tambarin kulob, ya ce ya ga wasanka, an ɗauke ka, sai dai ka tura kuɗin fom ko na gwaji ko na biza kafin Juma'a. Koci na gaske ba ya neman ka tura kuɗi a asusun wani mutum. Biza ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa, na Amurka yana Abuja da Legas. Wanda ya ce zai kai ka kulob a Turai kana ɗan shekara 16, ka sani dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan togaciya. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. A 2015 BBC ta bankaɗo labarin yara 23 daga Afirka ta Yamma da aka kai wata ƙungiya a ƙasar Laos da alƙawarin horo da karatu, suka ƙare suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa. An sha sayar da gona ko shanun huɗa a kan irin wannan alƙawari. Duk saƙon da ya zo maka, ka nuna wa mahaifinka ko yayanka da malaminka kafin ka amsa, kuma kada ka tura wa baƙo hoton fasfo ko lambar NIN.

Na daɗe a kan Amurka domin can kuka tambaya, amma bidiyon nan yana da aiki a nan gida, kuma a nan ne ya fi saurin biyan buƙata. A Najeriya ta JAMB ake shiga makaranta, wasa ba ya maye gurbin maki. Sai dai da zarar ka shiga akwai fage. Jami'o'i suna da gasar NUGA tun 1966, kwalejojin ilimi suna da NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, ga kuma gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a cikin Gumel take, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, Jami'ar Tarayya tana Dutse, Jami'ar Bayero tana Kano. Ga Jigawa Golden Stars, ga masu zaɓar 'yan wasan da za su wakilci jiha. Kocin da ke Dutse ko Haɗeja ko Kano, in minti 3 ɗinka sun burge shi, zai iya cewa ka zo ranar Asabar ya gan ka da idonsa, kuɗin mota ne kawai tsakaninku. Zuwa da kai ya fi aike. Wasan da za ka buga a gabansa kuma, a fili mai kyau da abokan karawa masu ƙarfi, shi ne zai ba ka gutsuren da za ka sa a bidiyo na biyu.

Wanda ya haɗa nasa a kan wannan tsari yana iya turo adireshinsa ta hannun malaminsa na wasanni. Zan zaɓi wasu in yi sharhi a kansu a fitowa ta gaba, ba tare da ambaton suna ko makaranta ba.